Karen kiwo daga gidan ceton dabbobi a Birtaniya: wanne za ka ɗauko, kuma daga ina?

Wani ɗan'uwa da ke zaune kusa da Leeds ya kira ni kwanakin baya. Yaransa sun matsa masa sai an kawo kare, shi kuma ya ga hoton wani Border Collie baƙi da fari a shafin wani gidan ceton dabbobi, ya ji ya kwanta masa a rai. Na ce: "Yaya, ka dakata tukuna mu yi magana." Shekara huɗu ke nan ina riƙe da irin wannan karen a ɗan filin da muke kiwon tumaki tara a bayan gari, kuma tausayin waɗanda ake ɗauka don kyan ido a mayar bayan wata biyu yana damuna.

Karen da muka sani a rugar Fulani mai gadi ne. Yana kwance gefen garke, dare ya yi ya kori kura ko ɓarawo da haushi. Karen kiwon Birtaniya ba haka aikinsa yake ba. Shi ne ke kewaya tumaki, ya tattaro su, ya kora su inda makiyayi ya nuna masa da fito. Mai neman mai gadi ya riga ya saki hanya idan ya ɗauko Collie. Maganar addini kuwa, hadisi ya keɓe karen kiwo da na farauta da na gona, kuma a Malikiyya kare ba najasa ba ne, amma ajiye shi don sha'awa kawai magana ce da ya kamata mutum ya kai wa malaminsa kafin ya cike takarda.

Border Collie shi ne za ka fi cin karo da shi. Asalinsa iyakar Ingila da Sikotland, kuma yawancin na yau suna komawa ga wani kare mai suna Old Hemp da aka haifa a Northumberland a 1893. Fiye da shekara ɗari ana zaɓen waɗanda suka fi naci da kaifin ido, to wannan jinin ba ya gushewa don an kawo shi gidan bene. Idan babu tumaki, zai kora yara. Idan babu yara, zai kora keke ko mota, nan kuma hatsarin yake. Ranar da na kawo tawa, wadda aka sa wa suna Fly, ƙaramar 'yata ta ruga a guje cikin fili. Nan take kariyar ta sunkuyar da kai, ta kafe ta da ido, ta yi kwana ta tare gabanta, ta ɗan kama gefen rigarta. Ba mugunta ba ce, aikin da aka haife ta da shi ne. Amma sai da muka yi wata uku muna koya mata cewa yarinya ba tunkiya ba ce. Ƙungiyar Kennel Club, mai rajistar jinsunan karnuka a Birtaniya, tana ba da shawarar fiye da awa biyu na motsa jiki kullum ga wannan jinsi, kuma gudu kaɗai ba ya isa, sai an ba ƙwaƙwalwarsa abin yi. Wata Collie a Amurka mai suna Chaser ta haddace sunayen kayan wasa sama da 1,000. Mai irin wannan kai in aka bar shi zaman banza, kujerar falo da ƙofa su ne za su sha wuya.

German Shepherd, wanda Max von Stephanitz ya kafa jinsinsa a Jamus a 1899, ya fi nauyi, namiji yakan kai kilo 30 zuwa 40. Ya fi Collie natsuwa a gida, yana kuma da halin gadi, shi ya sa nake ganin ya fi dacewa da yawancin iyalanmu. Sai dai ciwon ƙugu yana addabar jinsin, kuɗin abinci da na likita sun fi yawa. Belgian Malinois na 'yan sanda da sojoji ne. Wanda bai taɓa riƙon kare ba ya bar shi. Corgi gajere ne, yana iya zama a ƙaramin gida, amma an yi shi ne don cizon dunduniyar shanu, ga yawan haushi. Mai maƙwabta bango ɗaya ya yi tunani.

Inda za ka ɗauko shi, a ganina, ya fi jinsin muhimmanci.

Manyan gidajen ceto irin su Dogs Trust, da Battersea da aka kafa a 1860, da RSPCA, suna da likitoci da masu nazarin hali. Kuɗin da za ka biya yakan haɗa da rigakafi, da dandaƙa, da 'yar ƙwayar na'urar shaida da ake dasawa ƙarƙashin fata, wadda ta zama dole bisa doka tun Afrilun 2016. Matsalar ita ce keji yana ɓoye halin karen kiwo. Hayaniyar wasu karnuka tana sa wani ya riƙa zagaye kamar mai taɓin hankali, wani kuma ya laɓe a lungu ya yi tsit. Abin da ka gani ta bayan waya ba lalle ne shi za ka gani a gida ba.

Akwai masu ceton jinsi ɗaya, kamar Border Collie Trust GB da ke Staffordshire. Waɗannan sun san Collie ciki da bai. Za su yi maka tambayoyi har ka ji kamar neman aure ka zo: awa nawa kake barin gida, tsayin shingenka nawa, akwai titi kusa, shekarun yaranka nawa. Kada ka ji haushi idan sun ce wannan karen ba naka ba ne. Sun ga abin da kai ba ka gani ba.

Na uku, wanda na fi yarda da shi, shi ne karen da ke hannun riƙo. Ƙungiyoyi da dama ba sa ajiye karnukan a keji, sai su damƙa su ga iyalai su riƙe na ɗan lokaci, kamar yadda muke ba da ɗan riƙo. Matar da ta riƙe Fly mako shida ta gaya mini abubuwan da babu takardar da za ta rubuta: tana tsoron ƙarar injin shara, ba ta kula da kaji, tana bin babur amma ba ta bin mota, tana kwana har asuba ba ta kuka. Duk abin da ta faɗa haka na tarar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Za ka kuma ga manoma suna ba da karen da bai iya aikin tumaki ba, wani lokaci kyauta. Wasu na kirki ne, amma da yawa ba su taɓa shiga ɗaki ko hawa mota ba, kuma in abu ya ɓaci babu wanda za ka mayar wa. Gidajen ceto kuwa yawanci yarjejeniyarsu ta ce ka dawo musu da shi.

Game da shekaru, yara za su ce kwikwiyo. Ni na fi son ɗan shekara uku zuwa biyar, wanda halinsa ya riga ya bayyana. Collie yakan rayu shekara 12 zuwa 15, saboda haka akwai sauran zama mai tsawo.

Kafin ka sa hannu, ka tambayi dalilin da ya sa aka kawo shi, ko ya taɓa cizo, da yadda yake in ya ga tumaki, domin wata dokar Birtaniya ta 1953 tana hukunta mai karen da ya fatattaki dabbobin wani. Idan fari ya yi masa yawa a kai, ka sa a gwada jinsa da ganinsa. Idan gidan haya kake, ka samo izinin mai gida a rubuce. Sai abu ɗaya da nake roƙon 'yan'uwanmu su riƙe: mun saba da allurar ivermectin a gida, ana yi wa shanu da awaki don tsutsa. Wasu karnukan kiwo, musamman Rough Collie da Australian Shepherd, suna ɗauke da wata matsalar gado da ake kira MDR1, wadda ke sa maganin ya ratsa zuwa ƙwaƙwalwa har ya iya kashe su. Gwajin ba wuya, ana goge cikin kumatu ne a aika ɗakin bincike. Ka nemi likitan dabbobi ya yi shi a zuwanka na farko, kuma kada ka ba kare maganin tumaki ko kaɗan.

Ɗan'uwan nan nawa ya zo da yaransa ranar Asabar, suka yini da Fly a fili cikin ruwan sama. Da za su tafi ya ce zai nemi German Shepherd babba da ke hannun riƙo, kuma zai fara da gyaran shingen bayan gidansa.