Mai gyaran da bai taɓa sukudireba ba

Tsohuwar kwamfutata ta cinya, mai Ubuntu (wata babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows), ta yi wata biyu tana ja mini rai. Waya na gudu a kan wifi ɗin gida, ita kuwa sai na shanye shayi shafi ɗaya bai buɗe ba. Na kai ta wani shago a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, ina jiran a ce sai an canza katin da ke kama mata wifi.

Yaron ya duba ya ce, "Alhaji, tsimin batir ne ke sa katin gyangyaɗi." Ya shiga saitin NetworkManager, manhajar da ke kula da haɗin intanet, ya mai da wifi.powersave, wato saitin tsimin batir na wifi, daga 3 (a kunne) zuwa 2 (a kashe), ya kashe ya kunna. Tun ranar bidiyo bai ƙara tsinkewa ba.

Sai dai shagon ko benci babu, a tsaye na jira.