Strat-O-Matic ko APBA, wanne ya kamata ka saya?

In kana son besbol na kan tebur, irin wanda kowane dan wasa na gaske yake da katinsa, to kafin ka tura kudinka Amurka fara duba yadda kowane kamfani yake daukar alkaluman kakar wasa ya zuba su a kati, don a nan bambancin yake ba a kyan kwali ba.

A cikin biyun APBA ne ya riga fitowa, Dick Seitz ya fito da shi a 1951 a garin Lancaster na jihar Pennsylvania. Dais biyu ake jefawa irin na lido, ja da fari, amma ba a tara su, karanta su ake kamar lamba daga 11 zuwa 66, gurbi 36 kenan a katin mai bugu, wato dan wasan da ke dukan kwallo da sanda. Misali wanda ya buga hom-ron (bugun da ke ba shi damar zagaye fili gaba daya ya ci maki) sau 40 a shiga bugu 600 da ya yi, kusan kashi 7 cikin 100 ne, ka dora a kan 36 sai ya tashi da gurbi biyu da dan wani abu, kuma 66 ita ce lambar da kowa ke addu'ar ta fito don galibi a nan bugu mafi kyau yake. Wasan akwai sauri sosai, amma abin da ya hana ni sakin jiki da shi shi ne mai jifa, wato mai jefo wa mai bugu kwallo, ba shi da jadawalin kansa, maki ake ba shi A, B, C ko D da 'yan haruffa kamar X da Z masu nuna inda ya fi kwarewa, sai ka ga masu jifa biyu da salonsu ya sha bamban duk an kira su B.

Strat-O-Matic kuwa na Hal Richman ne, 1961, kuma gaskiya shi na fi so. Dais uku ne, fari daya jajaye biyu, in farin ya ba da 1 zuwa 3 katin mai bugu za ka duba, 4 zuwa 6 kuma na mai jifa, sannan ka tara jajayen biyu su nuna maka layi daga 2 zuwa 12. Tunda 7 tana fitowa sau 6 cikin 36 ita kuwa 2 sau daya tal, gwanin hom-ron za ka ga an sa masa a layukan tsakiya, wanda bai cika yi ba a tura masa can gefe. Wani abu da ke rikita sabon shiga, katin yana zuzuta dan wasa fiye da alkalumansa, ba kuskure ba ne, ai rabin sakamakon daga katin mai jifa yake zuwa, in matsakaicin 'yan wasan lig .250 ne (wato bugu mai kyau 250 a shiga 1000) mai bugun kuma ya buga .300 dole katinsa ya kai wajen .350 kafin lissafi ya daidaita. A bayan katin ma an raba yadda mai bugu yake yi da mai jifa da hagu da mai jifa da dama, amma fa sai ka yi hakuri da karatun dokoki.

Akwai kuma All-Star Baseball na 1941, faifai ne da kibiya ake juyawa, mai jifa ba ya canza komai, ya fi dacewa da yara.

In wasa mai sauri kake so dauki APBA, in kuwa karon mai jifa da mai bugu ne ya ja ka besbol to Strat-O-Matic. Kuma ka duba shekarar da ke jikin katunan kafin ka biya don kaka-kaka ake sayar da su, sannan katin wannan kamfanin ba ya aiki a wasan wancan.