Kafin ka sayi sabon rauta, gano inda sabis ke shaƙewa

Da zarar intanet ya yi nauyi a ofis ko shagon kwamfuta, rauta, wato na'urar da ke raba intanet ga kwamfutoci da wayoyin hannu, ake fara zargi, sai a garzaya kasuwa a sayo sabo, kuma sau da yawa kuɗin ya tafi a banza. Kafin ka taɓa aljihu, jona kwamfuta guda da wayar kebul kai tsaye a jikin na'urar da kamfanin intanet ya ba ka, ka gwada sauri a fast.com ko Speedtest. In a nan ma ya yi ƙasa, laifin kamfani ne, ko tsarin da ka biya ya yi wa mutanenka kaɗan, kuma babu rautan da zai gyara wannan. In ya fito daidai, to ɓarawon a cikin gida yake.

Fara da suwic, wato akwatin nan mai ramuka da yawa da ake jona wayoyin kwamfutoci a jikinsa. Akwai mai ramuka masu saurin megabit 100, akwai na gigabit, wato 1000, kuma a ido kamanninsu ɗaya. Idan ka biya kuɗin fiye da 100 amma gwajinka kullum yana cijewa a wajen 90 zuwa 95, akwai rami na 100 a hanya. Sayi na gigabit kawai.

Waya ce aka fi rainawa. Cat5e tana ɗaukar gigabit har mita 100, ta ishi yawancin ofisoshi, Cat6 kuma ta fi ta. Amma ƙarfen ciki ya fi lambar muhimmanci. Wadda ake kira CCA alminiyum ce aka shafa wa tagulla: arha gare ta, saurin karyewa gare ta, kuma ba ta dace da kyamarar da ke shan wuta ta cikin waya ba. Kankare sili ɗaya da wuƙa a gaban mai shago, in fari ya leƙo, ajiye masa kayansa. Gigabit yana buƙatar duka sili takwas da ke cikin wayar. Ɗaya ya tsinke, ko mai ɗaura kan waya ya yi ganganci, sau da yawa sai layin ya koma 100 shiru, ba wanda ya sani.

A ɓangaren Wi-Fi, zangon 2.4 ya fi ratsa bango amma cunkoso gare shi, na 5 ya fi gudu sai dai bangon bulo yana cinye shi. Ƙaramar na'urar ƙara zango da ake sokawa a soket tana karɓa tana aikawa a tasha guda, don haka sauri kan ragu kusan rabi. Ni dai na fi son a ja waya zuwa ɗakin a kafa na'urar Wi-Fi ta biyu. Na'urorin mesh, masu miƙa wa juna sabis ba tare da an ja waya ba, sai a gidan haya, inda maigida ya hana huda bango.

In kuwa mutum ɗaya mai sauke finafinai ne ke shanye sabis ɗin kowa, nan ne sayen rauta ke da dalili. MikroTik yana yanka wa kowa rabonsa, amma saitinsa sai gwani, don haka haɗa da ladan mai saiti a lissafinka. TP-Link ya fi sauƙin hannu ga ofishin da mutanensa ba su da yawa.