Wandon roba na yaro mai tafiya: wanda ya yi mini aiki a Maraɗi

Duk mai neman wandon da za ta ɗora wa yaro a kan kunzugu za ta samu a garin nan, in dai jariri ne. Na jarirai ko'ina akwai su, daga teburan masu kayan haihuwa a babbar kasuwa har shagunan cikin unguwa. Wahalar tana farawa ne idan yaro ya haura shekara ɗaya da rabi, ya yi cinya, yana gudu, da rana ya fara sanin fo, da dare kuwa sai dai a hankali. Nawa yana wannan matakin, kilonsa 13, kuma fitsarinsa na dare ba irin wanda tsumma ɗaya ke shanyewa ba ne.

Ni dai na bar kush na yarwa tun kan yayarsa. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kayan da ke shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa suka yi tsada, na koma kunzugun wanki. Ko da aka buɗe a watan Maris 2024 ban koma kush ba, don na riga na ga abin da ke saura a hannuna ƙarshen wata.

Wanda kowa ya sani shi na fara saye, wato wandon roba mai santsi da ake zurawa kamar kamfai, mai lastik a ƙugu da ƙafafu. Yana da araha, kuma satin farko yana tare ruwa, ban musa ba. Amma araha ba ta ado. Mafi girman da na samu ya matse masa cinya har shatin lastik yana kwana a fatarsa. Iska ba ta ratsa shi ko kaɗan, ga shi a watan Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana haura digiri 40, ɗaki kuma ba ya hucewa sai wajen asuba. Da safe in na cire masa, wurin ya yi jawur, ƙurajen zafi sun feso har gadon bayansa. Robar kuma ba ta shiri da mai. Mu da muke shafa wa yara basilin da man kaɗe, sai ki ga wandon ya bushe ƙamas kamar ganda, daga nan ya tsage ta wajen ɗinki. Wata mai shago ta rantse mini cewa nata mai kauri ne, daga Kano ta ɗauko, ba ya tsagewa. Ya tsage. Da na mayar mata, cewa ta yi: "Hajiya, ai yaron naki ne ya cika ƙiriniya."

Na biyun wajen wata mai saro kaya daga Sin na same shi, irin matan nan da ke tallata hajarsu a WhatsApp, ɗan kabu-kabu ya kawo miki har ƙofar gida. Shi ta waje yadi ne mai laushi, ta ciki an manna masa wata siririyar leda. A jikin takardarsa an rubuta PUL. Ba a zura shi, buɗe shi ake a kwantar da yaro a kai kamar kush, a rufe da maɓallan dannawa. A gabansa akwai layukan maɓallai da ake ƙara masa girma ko a rage. Kuɗin guda ɗaya zai sayi wandon roba da yawa, shi ya sa na daɗe ina jinkiri, amma yanzu shi kaɗai nake sa masa.

Abin da ya fi burge ni shi ne bakin ƙafarsa. Lastik biyu ne, ɗaya a waje, ɗaya ƙarami a ciki da ke zagaye cinya. Yaro mai tafiya ba ya kwana wuri ɗaya, yana juyi, yana kwanciya ruf da ciki, yana ɗaga ƙafa, kuma ta cinya fitsari ke bi ya sauka kan katifa. Wannan lastik na cikin shi ke tare shi. Akwai masu lastik ɗaya, sun fi sauƙin kuɗi, na ga na wata maƙwabciyata, in yaro ya kwanta ta gefe sai ya yi yoyo. Haka nan akwai masu abin mannawa maimakon maɓalli. Ga jariri sun fi saurin sawa, amma ɗan shekara biyu zai ɓalle shi da kansa ya zo miki da shi a hannu yana dariya.

Yana da nasa aibin. An rubuta cewa yana ɗaukar yaro daga kilo 3 zuwa 15, amma nawa a kilo 13 ya riga ya kai maɓallin ƙarshe, don kunzugun dare yana da kauri kuma yana cin wuri. Wadda ɗanta ke da jiki ta nemi wanda aka yi musamman don manyan yara, ko da za ta jira a saro mata. Sannan shi ma yana riƙe zafi, sai dai bai kai roba ba. Shi ya sa da bazara ba na sa masa da rana sai in za mu fita, biki ko awo ko tafiya Tasawa wajen kakanninsa. A gida ɗan wandonsa na yadi kawai yake yawo da shi, ga fo a kusa. Inna, uwar maigidana, ta ce su a zamaninsu tabarma ce da ledar shimfiɗa, ba wanda ya mutu. Na ce: "Gaskiya ne Inna, amma a zamaninku ba katifar soso." Ta yi dariya ta ƙyale ni.

Wani abin da mata da yawa ke kuka da shi, wai sun sayi mai tsadar amma yana yoyo. Wandon ba ya shan ruwa, tarewa kawai yake. In kunzugun ciki ya cika, dole ruwa ya nemi hanya. Ni tawul na auduga nake ninkawa, in ƙara wani ƙaramin a gaba tunda namiji ne, in tabbata ba inda bakin tsumma ya leƙo waje. Ko ɗan yatsa ɗaya na tsumma ya fito, shi zai jawo jiƙar zuwa zanin gado.

Wajen wanki ma akwai kula. Ruwan sanyi da omo kaɗan sun isa, ba a zuba masa jabel (ruwan nan mai sa kaya fari), ba a murɗe shi da ƙarfi, ba a kai masa dutsen guga. A inuwa nake shanya shi, don ranar tsaka tana kashe lastik kuma tana sa ledar ciki ta ɓanɓare. Da iskar hunturu nan da nan yake bushewa, da damina ma bai kai tawul daɗewa ba. In fitsari ne kawai, sai in goge cikin da tsumma mai ruwa in rataye shi ya sha iska, in sa ɗan uwansa. Guda uku sun ishi yaro ɗaya in dare kawai ake sa masa.

A gwanjo akan ci karo da irinsa jefi-jefi. Ki ja lastik ki ji ko yana komawa, ki ɗaga shi a rana ki duba cikin. In kin ga haske na ratsowa ta ƙananan tsagu, ajiye musu kayansu. Kafin ki fita saye kuma, sabo ko gwanjo, ki auna cinyar yaron da ƙugunsa da zare a kan kunzugun da yake kwana da shi, ki tafi da zaren, don masu shago ba sa karɓar wanda aka riga aka sa wa yaro.