Lauyan da ya kwantar wa Hajiyarmu da hankali

Ranar da aka karanta wa ƙanina tuhuma a kotun majistare, Hajiyarmu ta dawo gida tana salati, wai shi ke nan an gama da yaron. Waya ya saya ta hannu, ashe ta sata ce, 'yan sanda suka bi sawunta har aljihunsa. Washegari wata maƙwabciya ta raka mu ofishin wani lauya, hawa na biyu, kan titin Gidan Zu a nan Kano.

Ofishin ba abin a zo a gani ba ne. Fanka ɗaya mai kuka, fayil-fayil jibge har ƙasa, mun fi awa guda muna jira a kan benci. Amma da Barista ya zaunar da mu, sai na ji kuɗin ganinsa ya halatta.

Ya ɗauki takardar tuhumar ya ce, "Hajiya, wannan abin da 'yan sanda suka ce ne, ba abin da alƙali ya ce ba." Ita ce ake kira FIR, wato rahoton farko na 'yan sanda, da ita ake buɗe shari'a. Amfaninta wanda ake zargi ya san laifin da ake cewa ya yi, da ranar, da wurin, don ya shirya kare kansa. Ya buɗe kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 36, ya ɗora yatsa a kan layin: mutum mara laifi ne har sai an tabbatar. Kawo hujja kuwa aikin mai gabatar da ƙara ne. Da a ce fashi da makami ne ko kisan kai, in ji shi, sai fayil ya je ma'aikatar shari'a, a shigar da tuhuma a babbar kotu.

Ni da shegen tambaya na ce to tuhumar da aka yi wa Trump na Amurka har sau huɗu a 2023 fa? Ya yi dariya. Ya ce a kotunan tarayyar Amurka mutanen gari 16 zuwa 23 ake tarawa a asirce, su saurari mai gabatar da ƙara. Idan 12 suka yarda akwai abin dubawa, tuhuma ta hau. Ita ma ba hukunci ba ce. Sai a nan Hajiya ta karɓi ruwan da aka ba ta tun shigowarmu.

Beli ya samu a zama na biyu, da mai tsayawa ɗaya.

Inda nake da ƙorafi: kira goma, da ƙyar ya ɗaga ɗaya. Sau biyu yaronsa ya turo kotu ba tare da ya gaya mana ba, kuma kuɗin mota na kowane zama ba a ba mu rasit. Duk mai zuwa ya sa a rubuta masa jimillar kuɗin tun ranar farko. Shari'armu dai tana nan, an ɗage ta zuwa bayan Sallah.