Dawakai lafiyayyu, tantuna sai a hankali: sharhin tafiyarmu ta kwanan daji

Kamfanin da ya shirya mana yawon dawaki da kwanan daji a ƙarshen mako ya iya kula da dabba ƙwarai, amma kula da baƙo bai kai rabin haka ba. Duk da haka zan sake bin su. A irin wannan tafiya, in dai sai an zaɓi ɗaya, gara doki mai lafiya da tanti mai yoyo, da shimfiɗa mai laushi da doki mai gyambo a baya.

Tsarin dai shi ne su ke kawo dawakai da sirdi da linzami da tanti da abinci da jagora, kai kuma ka zo da jikinka da kayan sawarka. A haɗu ranar Juma'a da yamma a bakin daji, a kwana, a wuni bisa doki ranar Asabar, a yi ɗan gajeren zagaye ranar Lahadi da safe, a watse. Mu abokai ne, cikinmu akwai waɗanda suka tashi da doki tun suna yara, akwai kuma waɗanda ba su taɓa sa ƙafa a likkafa ba. Wannan cakuɗar ce ta fito da kirkin kamfanin, ita ce kuma ta tona masa asiri.

Tun wajen yin rajista suka tambayi nauyin kowa da tsawonsa da ko ya taɓa hawa. Wani abokinmu mai jiki ya ɗan ji haushi, wai ana masa ƙididdigar tumbi. Amma tambayar tana kan hanya. Ma'aunin da masu dawaki suka fi bi shi ne kada a ɗora wa doki fiye da kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsa, mahayi da sirdi da kaya duka a haɗe. Ke nan dokin da ya kai kilo 450, iyakarsa wajen kilo 90. Kamfanin da bai yi maka wannan tambayar ba, ka san kuɗinka yake hange, ba bayan dabbarsa ba. Inda suka gaza shi ne ba su aiko mana da jerin abin da za mu zo da shi ba, sai da muka isa ake ce mana ana bukatar takalmi mai dunduniya. Biyu daga cikinmu kambas suka saka. Hatsarin takalmi maras dunduniya shi ne ƙafa tana iya zurmawa cikin likkafa gaba ɗaya, in mutum ya faɗo doki ya ja shi a ƙasa. An ara musu wasu tsofaffin takalma, amma saƙo ɗaya a waya da ya wadatar.

Jagoranmu dattijo ne maras yawan magana, Baba muke ce masa. Bai ba kowa doki a daren farko ba. Cewa ya yi kowa ya zo ya kama ragama ya ja dokin zuwa wajen shan ruwa, shi kuma yana tsaye yana kallo. Daga yadda mutum ya riƙe igiya da inda ya tsaya ya gane wanda ya sani da wanda ke cika baki. Wani da ya ce mana shi gwani ne ya bi ta bayan goɗiya dab da ƙafafunta ba tare da ya yi mata magana ko ya ɗora mata hannu ba. Baba ya ce, "Yaro, doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, kuma ba ya tambaya kafin ya yi harbi." Washegari aka ba gwanin namu doki mafi sanyin hali a cikin garken, ba wanda ya ce uffan.

Dawakan goɗiyoyi ne da dandaƙaƙƙu, babu ingarma ko ɗaya, kuma hikima ce, domin ingarma a tsakiyar goɗiyoyi a ƙarƙashin sabon mahayi neman fitina ne. Tawa wata akawal ce mai farin goshi, mai son yagar ganye a hanya, in ka yi sakaci da linzami ta tsaya ta yi kiwonta. Ɗaya daga cikinsu an ɗaura masa jan ƙyalle a jela, alamar da mahaya suka sani cewa wannan yana harbi, a ba shi tazara. Ko ban da shi, dokar tafiyar ita ce a bar tsawon doki guda tsakanin kowane biyu.

Da safe kafin a ɗora sirdi sai da aka goge bayan kowane doki da buroshi, aka ɗaga ƙafafu ɗaya bayan ɗaya aka sakace kofato. Na ga ɗan tsakuwa da bai wuce ƙwayar wake ba da aka ciro daga kofaton tawa. Wannan kaɗai ya isa ya sa ta ɗingishi kafin tsakar rana. Bayan mun yi tafiyar kamar kwata na awa, Baba ya tsayar da mu ya bi kowa ya sake jan majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi a jikin doki. Dawakai da yawa suna ƙame jiki lokacin da ake ɗaure su, in sun fara tafiya sai jikin ya saki, majayi ya yi sako-sako, sirdi ya juya da mahayi ya nufi ƙasan ciki. Na abokinmu mai jiki har rami biyu aka ƙara masa.

Hanyar kanta kyakkyawa ce, ba ni da ƙorafi a kanta: ƙurmi mai inuwa, fili mai ciyawa, hawa da gangara, da wani rafi da ruwansa ya kai gwiwar doki. A hawa an ce mu karkata gaba mu kama geza in muna so, domin jan geza ba ya damun doki kamar jan linzami. A gangara mu ɗan jingina baya, mu sassauta hannu, mu bar dokin ya zaɓi inda zai taka. A rafin ne aka yi dariyar tafiyar. Dokin wani sabon mahayi ya tsaya tsakiyar ruwa ya fara tona shi da ƙafar gaba, shi kuma yana murna yana neman a ɗauke shi hoto. Baba ya daka masa tsawa: ɗaga masa kai, zungure shi, fita! Ashe dokin da ke tonon ruwa haka shirin kwanciya yake ya yi birgima, da kai da sirdin duka. Da ƙyar suka fito, gwiwoyin dokin har sun fara lanƙwashewa.

To, a nan ne tallar kamfanin ta saɓa da gaskiya. Sun rubuta cewa tafiyar ta dace da wanda bai taɓa hawa ba. Dawakan sun dace, ba musu, amma tsawon wunin bai dace ba. Doki a tafiyarsa ta ƙa'ida yana cin wajen kilomita 6 a awa, a sassarfa kuma ya ninka haka. Tunda akwai sabbin mahaya, kusan duk hanyar taku aka yi, sai wunin ya yi tsawo har rana ta yi gora muna kan sirdi. Wanda bai saba ba, cinyoyinsa da gwiwoyinsa da ƙugunsa ba za su ɗauki wannan ba. Da muka sauka, wata abokiyar tafiyarmu sai da aka riƙe ta, ƙafafunta suka ƙi ɗaukar ta. Su kuma gwanayen sun wuni suna ƙunƙuni, ga fili shimfiɗe ga doki a ƙasa amma ba damar sukuwa, domin doki dabbar garke ce, in ɗaya ya zabura sauran za su bi, ko mahayinsu ya shirya ko bai shirya ba. Ba wanda ya samu abin da ya zo nema sosai. Ranar Lahadi aka raba mu biyu, mataimakin Baba ya tafi da masu son gudu, sai kowa ya sake. Abin da ya kamata a yi ke nan tun ranar Asabar.

Amma abin da ya sa na yafe musu ya faru ne da yammacin Asabar ɗin, lokacin da aka sauke sirduna. Ni a wurina nan ne ake gane masu haya na ƙwarai. Baba ya bi dawakan yana shafa bayansu da tafin hannu, yana duba sawun gumi. Ya nuna mini: in sirdi ya zauna daidai, gumin zai jiƙa wurin bai ɗaya a ɓangarorin biyu, in ka ga busasshen tabo a tsakiyar jiƙa, wurin ne sirdin ke dannewa, gobe sai kumburi, jibi sai ciwo. Tsohon ciwon sirdi kuma yakan bar farin gashi a inda ya warke. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman irin wannan farin tabon, ban samu ba sai a doki guda, shi ma an ce da shi aka saye shi. Sannan Baba ya tsunkuli fatar wuyan kowanne ya saki: in ta koma nan take, ruwa ya wadaci jiki; in ta tsaya a tattare, akwai ƙishi. Ba wanda ya zauna cin abinci sai da dawakan suka huce, suka sha, aka zuba musu ingirici.

Maganar ruwa ba ƙarama ba ce. Doki yana shan lita 25 zuwa 50 a rana, ya fi haka in ga zafi ga aiki, kuma wasu sukan ƙi ruwan da ba su saba da ɗanɗanonsa ba. Cikinsa ƙarami ne in aka kwatanta da girman jikinsa, an halicce shi ya yi ta ɗan ci kusan duk wuni, kuma ba ya iya amai, shi ya sa ciwon ciki kan kashe shi. Saboda haka suka zo da ciyawar da dawakan suka saba da ita a gida maimakon su dogara da ta daji, kuma hatsi kaɗan suka ba su. Doki mai kilo 450 yana bukatar wajen kilo 9 na busasshiyar ciyawa a rana. Ka lissafa na garke guda na ƙarshen mako, za ka gane dalilin da motar kayansu ta cika da abincin dabbobi har kayanmu suka rasa wuri.

Da dare ba a kafa turke ba. Doguwar igiya suka ja tsakanin bishiyoyi biyu, sama da kan dawakan, da faffaɗan ɗamara a jikin kowace bishiya don kada igiyar ta ci ɓawonta. A jikinta aka ɗaure kowane doki da tazara, da irin ƙullin da ake warwarewa da fizga ɗaya, tsawon ragamarsa daidai yadda bakinsa zai kai ƙasa amma ba zai tsallaka ta da ƙafa ya harɗe ba. Sansanin ma an ja shi nesa da rafi, kamar mita 60, don kada kashi da fitsari su gangara cikin ruwan, da safe kuma aka baza kashin kafin mu tashi. Wajen tsakar dare na ga Baba da tocila yana zagaya su. Yawancinsu a tsaye suke gyangyaɗi, ƙafar baya ɗaya a sake. Doki yana iya haka saboda jijiyoyin ƙafarsa suna kulle gaɓoɓin, ko da yake barci mai nauyi sai ya kwanta. Biyu sun kwanta, Baba ya ce alama ce ta hankalinsu a kwance yake.

Dalilin da ya sa na ga duk wannan kuwa shi ne ban yi barci ba. Zip ɗin tantinmu ya lalace, sauro suka yi ta shige da fice. Katifun iskar da aka ba mu, wasu kafin asuba sun sace, mutum ya farka haƙarƙarinsa a kan saiwa. Jakunkunan barcin sirara ne, ga daji da sanyin asuba, musamman kusa da ruwa, ga raɓa ta jiƙa duk abin da aka bari a waje. Bayan wuni a kan sirdi, jiki ba abin da yake so sai shimfiɗa, kuma ita ce aka yi wa riƙon sakainar kashi. Hulunan kwano ma ba su da girma daban-daban yadda ya kamata, wani tasa tana yawo a kansa, alhali hular da ba ta kama kai ba amfaninta kaɗan ne ranar faɗuwa. Akwatin maganin dawakai cike yake, da bandeji da maganin ciwo da ma'aunin zafi. Na mutane kuwa filasta ce da 'yan ƙwayoyin ciwon kai. A wurin da waya ba ta da sabis, wannan ba abin wasa ba ne. Abinci dai ya wadatar, da zafinsa, ba abin yabo ba abin zargi.

Wanda ya iya hawa, ko ya taɓa yi ko da kaɗan ne, zai ji daɗin tafiyar, kuma zai koyi abubuwa a wurin wannan dattijon da ba zai samu a fagen koyo ba. Wanda bai taɓa ba, ya fara zuwa ya yi 'yan darussa na awa ɗaya ɗaya tukuna, jikinsa ya san sirdi, sannan ya zo. Kowa kuma ya taho da jakar barcinsa da tabarmarsa, da hular kwanonsa in yana da ita, da dogon wando maras kauri a ɗinkin cinya, da maganin sauro. Kuma tun wajen rajista ku nemi a raba ku biyu in gogewarku ba ɗaya ba ce, kada ku jira su yi tunanin da kansu.

Na rubuta musu ƙorafin tanti da huluna da akwatin magani bayan mun dawo. Sun amsa cewa za su sauya tantunan kafin damina. Kan huluna da magani ba su ce komai ba, don haka zan sake tambaya kafin in biya kuɗin tafiya ta gaba.