Gidan Tarihi ko Lambun Shaƙatawa: Ina Za a Yini?

Mutane sun sha tambayata inda ya fi dacewa su yini idan sun shiga babban birni: gidan adana kayan tarihi da zane-zane, ko lambun shaƙatawa.

Ta fuskar kuɗi babu ƙa'ida ɗaya. A Landan, shiga gidan tarihi na British Museum kyauta ne, alhali lambun Kew sai da tikiti. Babban bambancin yana ga yanayi. Gidan tarihi bai damu da ruwan sama ko zafin rana ba, sai dai yana gajiyar da ƙafa da ƙwaƙwalwa, domin bayan awa biyu ana tsaye ana karanta bayanai cikin hasken da aka rage da gangan don kada launin zane ya koɗe, hankali kan fara watsewa. Duk da haka, abin da aka koya a can, a ganina, ya fi daɗewa a zuciya. Lambu kuwa lokaci yake bi. Wanda ya je bayan furanni sun zube ya rasa rabin abin kallo.

Mai neman ilimi cikin natsuwa, gidan tarihi ne nasa. Iyali masu ƙananan yara, da wanda zaman ofis ya gundura, lambu zai fi yi musu daɗi.